Aron Alama Daga Ɗan Uwa: Yadda Aka Samo Waken Da Ya Gagari Ƙuduji

Duk manomin da ya yi shekaru yana shuka wake a ƙasar Gumel ya san ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Tun daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, har a dangana da Maigatari a bakin iyakar Nijar, ƙasar jigawa ce mai rairayi, ruwan sama kaɗan ne, damina kuwa ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba. To, irin wannan ƙasa, tun ba wadda aka daɗe ana nomawa ba taki ba hutu ba, ita ce gidan ƙuduji. Mutum ya shuka wakensa a tsakanin gero, ya yi firi ya yi maimai, wake ya kama yaɗo gwanin sha'awa, sai kurum a ga ganye ya soma ɗorawa-ɗorawa, ya tsumbure. Kafin a ankara wani ɗan tsiro mai fure shunayya ya fito cunkus a gindinsa. Daga nan mai gona ya san bana sai haƙuri.

Hasarar kuwa biyu ce. Ga ƙwayar da za a ci a gida a kai saura kasuwa, ga kuma harawa, wadda a wannan yanki kuɗi ce tsaba, gama da ita ake kiwata ragon da za a kai Maigatari ran Alhamis. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na bi mata, saboda haka abin da ya taɓa wake a bakin wannan iyaka ya taɓa tukunyar mutane masu ɗimbin yawa.

Yau akwai irin waken da ƙuduji ba ya iya kamawa. Ya kamata manomi ya san yadda aka yi aka same shi, domin wanda ya san asalin abu ba a ruɗinsa a kasuwa, ba ya kuma jin tsoron abin da bai kamata a ji tsoro ba. Wani babban sashe na labarin nan shi ne wata dabara da masu ilmi ke yi, watau su ari alama daga wata halitta da aka riga aka sani sarai, su bincika 'yar uwarta da ba a sani ba.

HALIN ƘUDUJI

Ƙudujin wake dabam yake da na gero da dawa, ko da yake dangi ɗaya ne. Na gero dogo ne mai ganye da fure ruwan hoda. Na wake gajere ne, ba shi da wani ganyen kirki, don ba ya neman abinci da kansa. Tsiro guda yakan zubar da iri dubu-dubai, ƙanana kamar ƙura, su kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ba sa tsira sai sun ji wani ruwa da saiwar wake ke fitarwa. Da sun ji shi sai su tsira, su liƙe wa saiwar, su huda ta, su dinga tsotse ruwa da abinci. Lokacin da ya leƙo waje mai gona ya gan shi, ya riga ya yi makonni yana ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa fartanya kaɗai ba ta raba manomi da shi. Maganin da ya fi sauƙi ga talaka shi ne a sami irin da tun daga saiwa yake ƙin karɓar wannan mugun baƙo.

MECE CE ALAMAR GADO?

Kowane mai rai, mutum ne ko dabba ko tsiro, Allah ya ajiye bayanin halittarsa a cikin wani siririn zare da ido ba ya gani, wanda ke cikin ƙwayoyin jikinsa. A kira shi zaren gado. An rubuta shi da haruffa huɗu tak, amma ana maimaita su ana sassauya jerinsu har tsawon ya wuce misali. Na wake ya haura haruffa miliyan 600. Zaren nan ba a warwatse yake ba, ɗaure yake dami-dami, kuma biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mutum yana da irin waɗannan tagwayen dammuna 23, wake 11, dawa 10, gero 7, raƙumi 37.

A jikin zaren nan ne halaye suke zaune, kowane a gurbinsa: girman ƙwaya, launin fata, saurin nuna, jure fari, ƙin cuta. Wahalar ita ce gano gurbin hali guda a cikin haruffa miliyan ɗaruruwa. Sai masana suka yi abin da matafiyi ke yi. Wanda bai san inda wani ƙauye yake ba, in an ce masa yana dab da dutsen mil kaza a kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, ai ya huta. Alamar gado ita ce dutsen mil ɗin nan. Wuri ne a jikin zare wanda ake iya ganewa cikin sauƙi a ɗakin bincike, kuma in yana kusa da wani hali, to, tare ake gadonsu. Wanda ya ga alamar a jikin ɗan tsiro ya san halin na nan, ko da bai bayyana ba tukuna.

Wata irin alama da aka fi amfani da ita shekaru da yawa ga yadda take. Akwai wuraren da 'yar gajeriyar kalma ke maimaita kanta a jere, a wannan tsiro sau 10, a wancan sau 14. Yawan maimaicin nan ya bambanta tsakanin iri da iri, amma rubutun da ke gefensa dama da hagu bai cika sakewa ba. Sai a ƙera 'yan mabuɗai biyu da suka dace da gefunan nan, a haɗa su da ruwan da aka tatso daga ɗan ganye, a sa cikin na'ura. Ita kuwa ta yi ta kwafar abin da ke tsakaninsu har ya yi yawan da za a iya auna tsawonsa. Da tsawon ake gane wane ne ya gaji wane, kamar yadda a da ake duban tsagar fuska a san gidan da mutum ya fito.

DALILIN ARO

Neman waɗannan wurare daga farko aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. A shekarun 1980 da 1990 sai manyan ɗakunan bincike na ƙasashe masu arziki ke iya yi, su kuwa abin da ya dame su suka fara yi wa: alkama, masara, shinkafa, waken suya, shanun madara. Wake da gero da gurjiya da raƙumi, abincin talaka da dukiyarsa, aka bar su a baya.

Amma Hausawa sun ce ɗan uwa rabin jiki. Halittun da suka fito daga tsatso ɗaya, rubutun zarensu ya yi kama ƙwarai, har jerin halayen a kan dami yakan zo ɗaya. Saboda haka mabuɗin da aka ƙera don wannan sau da yawa yakan buɗe na ɗan uwansa. Wanda ba shi da kuɗin ƙera nasa sai ya tattaro na dangi, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe waɗanda suka yi aiki.

MISALI DAGA WANI KIFI

Inda wannan dabara ta yi suna ƙwarai shi ne wajen wani kifi da babu shi a ruwan ƙasar nan, ana kiransa stajin. Kifin ƙasashen sanyi ne na arewacin duniya. Ana samunsa a Tekun Kasfiya da ke tsakanin Rasha da Iran, da Kogin Danub na Turai, da manyan kogunan Sin da Amurka. Wani irinsa da ake kira beluga ya fi giwan ruwa nesa ba kusa ba, an sha kama wanda ya kai tan guda. Ba namansa ne ya jawo masa ba, ƙwansa ne, wanda ake sa wa gishiri a zuba a 'yan gwangwanaye a sayar wa attajirai da tsadar gaske, suna kiransa kabiya. Macen beluga takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara ƙwai. To, ga masunta suna kashe ta don ƙwan, ga madatsun ruwa sun tare hanyar da take bi ta hau kogi ta yi ƙwai. Tun 1998 aka sa cinikin dukan ire-iren stajin ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kiyaye halittun da ke neman ƙarewa. A 2022 ƙungiyar duniya mai lissafin irin waɗannan halittu ta ba da sanarwa cewa ire-ire 26 da suka rage na stajin da danginsa na kusa duk suna cikin haɗari, wani ɗan uwansu na Kogin Yanze a ƙasar Sin kuwa ya ƙare ƙaƙaf.

Masu son ceton kifin nan suna bukatar alamun gado, don su san wane kifi ne ɗan wane kogi, kada kuma su haɗa wa da ƙanwa a wurin ƙyanƙyasa, su kuma gane ko ƙwan da ke cikin gwangwani na irin da aka rubuta a jikinsa ne. Ga shi ire-iren suna da yawa, waɗansu ma samun ko guda ɗaya wuya ne. A 1997 wani masani a Amurka, Bernie May, da abokan aikinsa suka fitar da alamu daga stajin na tafkunan ƙasarsu, suka gwada su a kan sauran dangi, suka tarar da yawa suna aiki. Daga nan masana a Turai da Asiya suka yi ta aron waɗannan da waɗanda suka biyo bayansu, suna binciken nasu kifayen.

Amma a nan aka ga iyakar aro. Damin gadon stajin ya ninka kansa tun zamanin da. Wani iri yana da wajen 120, wani wajen 240, wani har wajen 360. Saboda haka mabuɗin da ya kamata ya nuna alama biyu, ta uwa da ta uba, sai ya nuna huɗu ko fiye, lissafi ya rikice. Tilas aka zauna aka tace, aka gwada kowace alama a kan iyaye da 'ya'yan da aka san asalinsu, kāna aka amince da ita.

WAKE YA CI ARZIKIN DANGI

A komo gida. Wake yana da 'yan uwa da suka riga shi shiga hannun masana. Akwai waken suya, akwai waken Amurka wanda ake sayarwa dafaffe a gwangwani, akwai kuma wani ɗan ƙaramin koren wake na ƙasar Indiya da ake kira mung. Waken gwangwani da mung tagwayen dammunansu 11 ne, daidai da na wake.

A 1992 wani ɗan Nijeriya, Christian Fatokun, wanda daga baya ya daɗe yana aikin wake a cibiyar IITA, tare da Nevin Young da waɗansu a Jami'ar Minesota ta Amurka, suka buga wani bincike da ya buɗe ƙofa. Sun aura waken gida da waken daji, irin wanda ake kira waken gizo, mai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi. Sa'an nan suka bi jikokin da alamu, waɗansu na waken kansa, waɗansu aro daga waɗannan dangi nasa. Suka yi wa mung irin wannan aiki. Abin da suka tarar shi ne, wurin da ya fi ƙarfi wajen girman ƙwaya a wake, shi ne dai a mung, alamu iri ɗaya ke gadinsa, kuma a jere ɗaya. Ke nan abin da aka gano a ɗaya ana iya nemansa a ɗayan ba tare da lalube ba. Manomi ya san muhimmancin wannan, gama ya ga yadda mai awo ke fifita Kanannado mai manyan ƙwayoyi a kan ƙananan wake.

A 2009 masana a Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsu na Afirka suka fitar da taswirar zaren wake mai alamu 928, suka jera ta kusa da ta waken suya, aka ga yawancin hanyoyin sun dace. A 2019 aka gama karance zaren wake, aka ƙirga halaye kusan 30,000. Da aka zo ba dammunan nan 11 lamba, sai aka bi lambobin da aka riga aka ba na waken gwangwani, don duk wanda ya gano wani abu a can ya san inda zai duba a nan. Irin waken da aka zaɓa aka karance kuwa shi ne IT97K-499-35, kuma shi ne wanda labarin ƙuduji ya rataya a wuyansa.

DAGA BOTSWANA ZUWA KANO

An kafa cibiyar IITA a Ibadan a 1967, tana da reshe a Kano da gonar gwaji a Minjibir, a rumbunta kuwa akwai ire-iren wake fiye da 15,000 da aka tattaro daga ƙasashe masu yawa. A cikin shekarun 1980, ana gwada ire-iren wake da ƙuduji, aka dace da wani waken gargajiya na manoman Botswana, can kudancin Afirka, aka ba shi lamba B301. Ƙwayarsa ƙanana ce, ba mai kai ta kasuwar Gumel ya yi ciniki. Amma in ƙuduji ya liƙe wa saiwarsa, sai naman saiwar da ke daidai wurin ya mutu, baƙon ya rasa abin tsotsa, shi ma ya mutu tun bai leƙo waje ba.

A 1990 B. B. Singh na IITA da A. M. Emechebe na cibiyar Samaru ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka nuna cewa hali guda ɗaya ne mai rinjaye ke yin wannan aiki. Aka yi ta aurar da B301 da zuriyarsa ga waken da jama'a ke so, ana zaɓe shekara da shekaru, har aka sami IT97K-499-35, fari mai kyan ƙwaya, wanda aka ba manoman Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10. A 2011 SAMPEA 14 da SAMPEA 15 suka biyo baya, su ma ƙuduji ba ya cin su.

Wannan aiki da ido da haƙuri aka yi shi, ya kuwa ci shekaru. Dalili shi ne gwajin ƙuduji a gona ba shi da tabbas. Wani ɓangaren gona cike yake da irinsa, wani ɓangaren babu. Wata shekara ya fito da yawa, wata shekara kaɗan. Sai a ga wake ya tsira lafiya a zaci mai ƙarfi ne, ashe sa'a ya ci. A nan alamar gado ta nuna amfaninta. A 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Bajiniya suka kama ainihin halin nan na B301. Abin da ya taimake su gane shi kuwa, rubutunsa ya yi kama da na halayen ƙin cuta da aka riga aka sani a waɗansu tsire-tsire, watau nan ma ilmin dangi aka ara.

Yanzu mai gyaran iri yakan aura waken da manoma ke so da mai ƙin ƙuduji, ya shuka 'ya'yan, bayan mako biyu ya tsinki ɗan ganye daga kowane ya gwada. Mai alama a ajiye, marar alama a zubar. Wanda aka ajiye a sake aura shi da waken manoma, a maimaita haka sau uku ko huɗu, har a sami wanda kamanninsa da ɗanɗanonsa na gida ne, saiwarsa kuwa ta gaji ƙarfin na Botswana. Da taimakon wannan hanya Lucky Omoigui da abokan aikinsa a jami'ar aikin gona ta Makurɗi suka fitar da FUAMPEA 1 da FUAMPEA 2 a 2016.

A lura da abu guda, don ana yawan cakuɗa zancen. Aikin alama ba ya sa wa tsiro kome daga waje, dubawa ce kurum, auren kuwa tsakanin wake da wake ne kamar yadda ƙudan zuma kan yi wani lokaci a gona. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar Samaru ta fitar a 2019 hanyarsa dabam ce, shi an sa masa hali daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa don maganin tsutsar da ke cin fure da kwanso. Kowane da bayaninsa, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Yau wake ya tashi daga mai aro ya zama mai ba da aro. Gurjiya 'yar uwarsa ce ta kusa, ita ma dammunanta 11, kuma masu bincikenta suna amfani da alamun wake da taswirar sauran dangi.

RAƘUMI DA GERO

Wanda ya shiga kasuwar Maigatari ya ga raƙuma, su ma haka labarinsu yake. Raƙumi yana da 'yan uwa a duwatsun Kudancin Amurka, lama da alfaka, gajeru marasa tozo, ana kiwonsu don gashi da ɗaukar kaya. Yawan damin gadonsu ɗaya ne da na raƙumi, har a 1998 a Dubai aka haifi ɗa tsakanin raƙumi da lama ta hanyar dabarar likitocin dabbobi. Da yake an riga an fitar da alamun lama da alfaka a shekarun 1990, su aka fara ara aka binciki raƙuma. A 2016 aka buga wani babban bincike a kan raƙuma 1,083 daga ƙasashe 21, aka tarar jinin raƙuman yawancin ƙasashe a cakuɗe yake, ba su rabu sosai ba. Masanan suka danganta wannan da ayarin fatake da suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai da kawowa a hamada.

Gero kuwa danginsa su ne dawa da masara da shinkafa da wani ɗan gero na ƙasar Sin. Da taimakon alamu cibiyar ICRISAT, wadda ke da rassa a Kano da Sadore kusa da Yamai, tare da abokan aikinta suka fitar da wani irin gero a Indiya a 2005 mai jure cutar nan da ke mai da zangarniya ganye-ganye. An karance zaren gero a 2017.

ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Duk da wannan alheri, aro yana da iyaka, kuma masana na ƙwarai ba sa ɓoye ta. Gwargwadon nisan zumunta, gwargwadon ƙarancin mabuɗan da za su yi aiki. Wani mabuɗin ba ya buɗe kome, sai a zaci alamar babu, alhali harafi ɗaya ne ya sake a gefenta. Wani ya buɗe, amma a wani gurbi dabam. A shekara ta 2000 Katrien Devos da abokan aikinta a Ingila suka jera taswirar gero da ta shinkafa, suka tarar dammunan gero sun kakkarye sun sake haɗuwa ta wata fuska, har wanda ya bi taswirar shinkafa ido rufe zai ɓata. Sa'an nan ko alamar ta gida ce, in tana nesa da halin da take gadi, wata rana sukan rabu wajen gado.

Shi kansa ƙuduji ba iri ɗaya ba ne. Masana sun rarrabe na Nijeriya da Nijar daga na Mali da na Burkina Faso da na Kamaru da na Senegal. A wani gari da ake kira Zakpota a Jamhuriyar Benin an sami wanda ke cin B301 kansa. Tun da ya faru a can, ba abin da zai hana wata rana ya faru a wani wuri. Domin haka alama ba ta ɗauke wa kowa gwajin gona ba. Hukunci na ƙarshe yana wurin rairayin Gagarawa da Sule Tankarkar, da idon manomin da ya shuka.

ABIN DA YA RAGE GA MANOMI

Wanda ƙuduji ya dama, ya nemi Malamin Gona na yankinsa ko ofishin JARDA, ya ambaci sunan irin da yake so, SAMPEA 10 ko 14 ko 15. Ya sayi wanda ke cikin ƙunshi mai takardar shaidar hukumar iri ta ƙasa. Farin wake duk kama ɗaya yake a cikin tiya, halin ƙin ƙuduji ba a ganinsa da ido, saboda haka wanda ya auna a kasuwa don an ce masa sabon iri ne, ya sayi magana ne kurum.

A shekarar farko kada a cika gona da shi. A zaɓi wurin da ƙuduji ya fi tsanani, a yi kunya kaɗan na sabon, a yi kaɗan na tsohon a gefensa, ran nan ɗaya, aiki iri ɗaya. Da kaka a gwada ƙwaya, a gwada harawa, a kuma ba uwargida ta dafa ta faɗi nata. In an ga ƙuduji ya fito da yawa a gindin sabon iri, a gaya wa Malamin Gona da wuri, gama ko dai irin gauraye ne, ko kuwa wani sabon ƙuduji ne ya shigo, kuma duka biyu labari ne da masu bincike ke bukata.

Wake yawanci kansa yake yi wa barbara, don haka mai sabon iri yana iya ɗibar na shukawa daga gonarsa shekara biyu ko uku, muddin ya girbe shi dabam, ya sussuke dabam, ya adana a buhun nan mai ciki uku da ke hana ƙwari numfashi. Gero ba haka yake ba, iska ke ɗaukar masa bununi daga gonar maƙwabci da shibra, shi ya sa irinsa ke saurin gaurayewa.

Sabon iri ba ya hana sauran aiki. A ci gaba da kai taki gona, don ƙuduji ya fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji. Wanda ya fito a tuge shi tun bai yi fure ba, a tara a ƙone, kada a bar dabbobi su ci su kai irinsa wata gona cikin kashinsu.

Daga ƙarshe, kada a yar da irin gado. Ɗan Ila da Aloka da Kanannado da sauran waken da kakanni suka zaɓa sun saba da farin wannan ƙasa, suna ba da harawa mai yawa, kasuwa kuma ta san su. B301 da ya ceci gonaki masu yawa waken ƙauye ne da waɗansu manoma suka riƙe ba su yar ba, ko da yake ƙwayarsa ba ta da kyan gani. Waken gizo da ake tugewa a bakin gona shi ya taimaka aka gano gurbin girman ƙwaya. Mai yiwuwa ne maganin cutar da za ta zo nan gaba yana cikin wani tulu a wani ƙauye na ƙasar Lautai. Kowane gida ya keɓe 'yan kunyoyi ya riƙa sabunta irinsa na gado kowace damina, in kuma ma'aikatan bincike sun zo neman ɗan samfur, a ba su tare da sunansa da bayanin halinsa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare amfanin gona daga ƙuduji da fari da ƙwari, amin.